Yadda ƙanina ya sayar da ƙaramin baburinsa, da lanƙwasar tankin da ya so ya ɓoye

Babur ɗin Honda CG125 ne, na hannu, ƙanina shi ne mutum na biyu da ya riƙe shi. A kansa ya koyi tuƙi kuma da shi yake zuwa aiki ya dawo, har zuwa lokacin da aka mayar da shi wani reshe mai nisa inda dole sai ya hau babbar hanya ya yi gogayya da manyan motoci, to gaskiya 125 ba na wannan aikin ba ne, in babbar mota ta wuce ka iskarta kawai sai ka ji babur yana rawa. Shi ya sa ya ce zai sayar ya cika kuɗi ya ɗauki wanda ya fi shi ƙarfi. Babu wata matsala da ta kore shi daga kan babur ɗin, kuma wannan ya yi masa amfani daga baya, domin kusan duk wanda ya kira tambayar farko ita ce me ya sa za ka sayar.

Wanda bai san irin wannan babur ba zai ga kamar abu ne mai wuyar shiga kasuwa saboda tsufan fasalinsa, alhali ba haka ba ne. Honda ta fito da CG125 a 1975 bayan ma'aikatanta sun zaga ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Fakistan sun ga yadda mutane ke lafta wa babur kaya kuma ba sa juyen baƙin mai a kan lokaci, sai suka yi inji mai sauƙi wanda zai jure wannan wahalar, silinda ɗaya, iska ce ke sanyaya shi, bawul ɗinsa da 'yan sanduna ake tura su daga ƙasa, matatar iskarsa soso ce da za ka wanke ka mayar. A 1976 aka fara haɗa shi a Manaus ta ƙasar Barazil, a Fakistan kuwa har yanzu ana yin sa. Ƙarfinsa wajen doki 11 ne, ba ya fizgar ɗan koyo, ba ya shan mai, kuma kayan gyaransa ba sa wuyar samu. Sannan a ƙasashe da yawa dokar lasisi ma ta tsaya a kan wannan girman, a Tarayyar Turai lasisin A1 iyakarsa 125cc ne da ƙarfin da bai wuce kilowat 11 ba, a Ingila kuma wanda ya yi horon farko na CBT zai iya hawan 125 da alamar koyo har shekara 2. Ma'ana kullum akwai sabon ɗan koyo da ke neman irinsa, kullum kuma akwai wanda ya gama da shi yana son rabuwa da shi.

Ga halin da babur ɗin yake ciki lokacin da ya fara tallarsa. Inji lafiya lau, bugu ɗaya ko biyu ya tashi, ba hayaƙi. Mita tana nuna kilomita 23,000 da ɗoriya. Tanki ya lotsa ta gefen hagu, kan libar kuloci ya gurje, ƙarshen hannu ma haka, duk daga faɗuwa ɗaya da ya yi lokacin yana koyo, a hankali yake tafiya ya taka birkin gaba a kan yashi. Sarƙa ta saki har ta kusa ƙure wurin ɗaurinta, tayar baya ta fara tsattsagewa a gefe, shokozoba ɗin gaba na dama yana ɗan tsatsar mai. Abin da yake da shi wanda mutane da yawa ba su da shi shi ne wani ɗan littafi da yake rubuta duk juyen da ya yi, da kwanan wata da abin da mita ta nuna, ga rasit na wanda ya saya a hannunsa ga makulli biyu. Shi bai ma ɗauki littafin nan a bakin komai ba.

Tallar farko ba ta yi ba. Hoto biyu ya ɗauka da dare a ƙofar gida, duk ta gefen dama inda ba lotsa, ya rubuta babur na sayarwa lafiya lau ba matsala sai mai saye da gaske, kuɗin kuma ya ɗora shi a kan abin da ya saya haɗe da duk abin da ya kashe tun daga ranar, har da hular kwano. Waɗanda suka kira yawancinsu masu saye su sake sayarwa ne, ba su ma ga babur ba suke taya shi rabin kuɗi. Mutum ɗaya ya zo da gaske, ya zagaya ya ga lotsar da ba ta cikin hoto, ko tayar da inji bai bari an yi ba ya ce zai yi shawara, shi ke nan ba a sake jin sa ba.

Daga nan ne ya zo mini da shawarar da ya yanke. Ya ce Yaya, tankin nan ne ke kashe mini kasuwa, zan kai a buge shi a cike a yi masa fenti a manna sabuwar sitika, in canza liba da robar hannu, ba wanda zai san ya taɓa faɗuwa. Na ce masa liba dai canza ta domin ta gurje kuma ba ta da tsada, amma tanki ka bar shi yadda yake ka ɗauke shi hoto kusa ka sa a talla. Ya dube ni kamar na ce ya ba da babur ɗin kyauta. Mun daɗe muna ja a kan wannan kuma har yau ina nan a kan ra'ayina, ga dalili.

Wanda ke sayen ƙaramin babur na hannu yawanci bai san babur ba, kuma ya san bai sani ba, don haka da tsoro yake zuwa. Yana tsoron kar na sata ne, yana tsoron kar inji ya mutu masa bayan sati biyu, yana tsoron a gane ɗan koyo ne a cuce shi, kuma sau da yawa kuɗin nan tara su ya yi da ƙyar. Irin wannan mutum ba ƙyalli yake nema ba, so yake ya sami abin da zai kwantar masa da hankali. In ya zo shi kaɗai sabon fenti zai iya ruɗarsa, amma ba ya zuwa shi kaɗai, zai taho da wani wanda ya sani, kuma wanda ya sani da ya ga tanki yana sheƙi a kan babur mai kilomita dubu ashirin da wani abu, sauran jiki duk ya dushe, abin da zai fara tambayar kansa shi ne me aka rufe. Zai duba ƙafar taka giya, zai duba kan kusoshi, zai duba wurin da kan babur ke tokarewa in an juya shi, zai ga alamar faɗuwar ko ta yaya domin ba a iya goge ta duka, ramin ƙarya ƙurarre ne. Daga lokacin kuma duk abin da ka faɗa ya zama abin zargi, har gaskiyar da ka faɗa a kan inji. Bayan haka, babur ɗin koyo da bai taɓa faɗuwa ba ai kaɗan ne, kowa ya san haka, lotsa a tanki ba abin kunya ba ce. Abin da mai saye ke son sani shi ne faɗuwar ta tsaya a tanki da liba ko ta kai ga ƙashin babur da ƙafafun gaba.

Sai muka zauna muka raba gyaran gida biyu, wanda za a yi da wanda za a faɗa a rage kuɗinsa. Sarƙa aka canza tare da siforoket na gaba da na baya gaba ɗaya, domin haƙoransu sun riga sun kwanta gefe guda sun yi tsini, in ka sa sabuwar sarƙa a kansu cinye ta za su yi nan da nan. Aka yi juye, injin nan baƙin man da yake ɗauka wajen lita ɗaya ne kawai shi ya sa ba ya son a bar shi ya tsufa, aka wanke 'yar ragar tace mai da soson iska, aka sa sabon filogi, makaniki ya saita bawul saboda ya fara ɗan ƙara in ya yi zafi, aka canza ƙwan tirafiketa ɗaya da ya mutu. Duk ƙananan abubuwa ne.

Taya ce muka sake ja a kanta. Shi yana ganin zanenta bai cinye ba, a faɗa wa mai saye a rage masa kuɗin ya je ya canza da kansa. Na nuna masa lambobi huɗun nan da ke jikin taya a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT, biyun farko satin da aka yi ta biyun ƙarshe shekara, misali 2318 sati na 23 ke nan a 2018, tasa da muka lissafa ta haura shekara 7. Kamfanin Michelin ma cewa yake in taya ta kai shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai 10 a cire ta ko da ba ta cinye ba, to wannan ga shekaru ga tsaga a gefe. Abin da ya dame ni shi ne ɗan koyo in ka rage masa kuɗin taya ba taya zai saya ba, zai ga tana da zane ya ce ai da saura, ya sa kuɗin a mai ko a hula, ya hau kan roba da ta bushe ranar da aka yi ruwa. Na ce masa kai ka san abin da faɗuwa take, kar ka miƙa wa yaron mutane irinta. Ya yi shiru, washegari ya canza ta. Shokozoba kuwa muka bar shi a cikin abin da za a faɗa, saboda tsatsar kaɗan ce kuma birkin wannan babur na duram ne a rufe yake, da a ce mai faifai ne da ba zan yarda ba domin man kan gangaro ya jiƙa birki.

Talla ta biyu da rana aka ɗauki hotunanta bayan an wanke babur ya bushe, gefe da gefe, gaba da baya, mita, sabuwar sarƙa, lambar taya, lotsar tanki kusa sosai, da shafi ɗaya na littafin juye. Ya rufe lambar babur a hoto kuma bai sa hoton takardu ba, domin akwai masu kwafar irin waɗannan su haɗa tallar ƙarya ko su wanke babur ɗin sata da su. Ya yi ɗan bidiyo da safe, ya dafa kan inji da tafin hannu don a ga da sanyinsa, ya ja cok ya buga ya tashi, ya juya kyamara wajen salansa. A rubutun ya faɗi dalilin sayarwa, ya faɗi cewa ya taɓa faɗuwa sau ɗaya a hankali, ya lissafa abin da aka canza da abin da ya rage. Kuɗi kuma wannan karon bai duba abin da ya kashe ba, ya duba irin babur ɗin da ake tallarsu, musamman waɗanda suke ɓacewa da wuri, domin wanda ya yi wata biyu yana nan a shafi kuɗin da mai shi ke fata ne kawai yake nuna maka. Ya ɗora ɗan abu kaɗan a sama saboda ciniki.

Kira ya ragu amma masu kiran sun canza, tambayoyinsu ma sun canza, ana tambayar yaushe aka yi juye na ƙarshe, takardu da sunan wa suke. Cikin su akwai guda biyu da ya kamata a ambata. Ɗaya ya ce yana nesa ba zai iya zuwa ba, bai nemi ragi ko kaɗan ba, zai turo kuɗi ya aiko direba, can sai ga saƙo kamar na banki da kuɗin da ya fi wanda aka yi magana, sai kira wai kuskure aka yi a taimaka a mayar da rarar ga direban. Ƙanina ya buɗe asusunsa da kansa ya ga ba abin da ya shigo, ya daina ɗaga wayar. Na biyun ya zo a ƙafa shi kaɗai ba hula ba komai, ya ce a ba shi ya zaga ya ji inji, da aka ce ya ajiye kuɗin babur da katin shaidarsa tukuna sai ya hau faɗa wai ba a yarda da shi ba. To ba a yarda ɗin ba, kuma babu laifi a nan, babur in ya sha kwana ya tafi ke nan.

Wanda ya saya wani saurayi ne da ya sami sabon aiki, ya zo da baffansa da kuma makanikin baffan. Tun a waya baffan ya roƙi kar a tayar da babur kafin su iso, wanda ya nuna ya san abin da yake yi, domin inji mai zafi yana ɓoye wuyar tashi da ƙarar da ake ji da sanyi. Makanikin bai yi magana da yawa ba. Ya taɓa inji, ya zaro ma'aunin mai ya murza a yatsa ya shinshina, ya buga ya tsaya bayan salansa yana kallo, hayaƙi shuɗi yana nufin inji na ƙona baƙin mai wato ringi ko bawul sun gaji, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa daga kafireto, bai ga ko ɗaya ba. Ya gwada batir da mita, a kashe ya ba shi wajen volt 12.6, da aka ɗan ba shi wuta ya haura 13, caji na yi ke nan. Ya goge lambar inji da ta jikin ƙashin babur ya haɗa su da na takarda harafi bayan harafi yana shafa wurin ko an taɓa goge shi an sake bugawa. Ya tsuguna daga baya ya hango tayar gaba da ta baya ko suna kan layi ɗaya.

Sai ya ɗora babur a kan tsayuwar tsakiya ya ce saurayin ya danna baya tayar gaba ta tashi, ya riƙa juya kan a hankali hagu da dama, ya tsaya, ya sake. Ya ce Malam zo ka ji. A daidai tsakiya kan yana ɗan maƙalewa kamar ya faɗa wani ɗan gurbi, boris ɗin wuya ne ya yi rami. Ƙanina wallahi bai san da shi ba, abu ne da ke zuwa a hankali har hannunka ya saba, kuma ba ya cikin abin da ya lissafa a talla. Na ga fuskarsa ta canza domin ya ɗauka cinikin ya watse kuma za a ce ɓoyewa ya yi.

A nan ne lotsar tankin ta yi masa aiki. Baffan ya ce da saurayin, ɗana, wanda ya ɗauki hoton lotsa da hannunsa ya nuna wa duniya, ya faɗi maganar shokozoba ba a tambaye shi ba, ba zai ɓoye boris ba, bai sani ba ne. Ya karɓi littafin juyen ya bi shi shafi shafi yana haɗa kwanan wata da mita, ya ga lissafin yana tafiya daidai ba tsalle, wanda shi ne kusan hanya ɗaya da za ka gane ba a taɓa mitar ba. Da a ce tankin nan an yi masa fenti sannan makaniki ya gano gurjewar ƙafar giya ya kuma gano boris, ba na jin akwai bayanin da zai tsayar da su. Sai aka koma maganar gyara kawai, makanikin ya faɗi abin da boris da robar shokozoba za su ci har da kuɗin hannu, aka cire daga kuɗin, baffan ya nemi a ƙara ragi ƙanina ya nuna sabuwar taya da sarƙa da rasit ɗinsu ya ce iyakarsa ke nan Baba, suka ɗan ja kaɗan aka sallama. Ƙanina ya kuma roƙe su a yi boris ɗin kafin yaron ya fara hawa, makanikin ya ce daga nan garejinsa za a wuce.

Gwaji makanikin ne ya yi domin saurayin bai karɓi lasisinsa ba tukuna, kuma baffan da saurayin suna tsaye tare da mu har ya dawo. Ya ce giya duk suna shiga ba ta fita da kanta, kuloci ba ya zamewa. Kuɗi aka tura ta banki, ƙanina bai miƙa makulli ba sai da ya gani a cikin asusunsa. Aka rubuta takardar ciniki kofi biyu, sunaye, lambar inji da ta ƙashi, abin da mita ta nuna, kwanan wata har da ƙarfe nawa, da jerin matsalolin da aka sani an kuma yarda da su, kowa ya sa hannu makanikin ya zama shaida. Sa lokacin yana da amfani domin in babur ya yi laifin hanya ko ya buge wani da yammacin ranar, takarda ce za ta nuna a hannun wa yake. A satin suka je aka canza sunan mai shi a hukumar rajista, ya kuma sanar da kamfanin inshora. Mutane suna wasa da wannan matakin, sai shekara ta zagayo a zo neman wanda sunansa ke takarda a kan abin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

In aka zo lissafi, kuɗin gyaran bai dawo duka ba, na taya da sarƙa wataƙila rabinsu ne ya fito a cikin cinikin, kuma abin da ya karɓa bai kai wanda ya rubuta a tallar farko ba, wanda dama ba kuɗin kasuwa ba ne. Amma ya fi tayin masu saye su sayar nesa ba kusa ba, kuɗin fentin da ya so kashewa yana aljihunsa, kuma babu wanda ya dawo masa da babur ƙofar gida.

Kira ɗaya aka yi masa bayan nan, saurayin ne hankali a tashe wai babur ya mutu a hanya ya buga ya buga ya ƙi tashi. Ƙanina ya tambaye shi yaushe rabonka da shan mai, ya ce tun ranar da aka karɓo shi daga gareji. Ya ce duba ƙasan tanki ta hagu akwai ɗan makullin mai, juya shi zuwa inda aka rubuta RES, wato ɗan ragowar man da tanki ke ajiyewa, ka jira kaɗan ka buga, in ya tashi ka wuce gidan mai kai tsaye, in ka sha kuma ka mayar da shi ON kar ka manta. Yana kan wayar ya ji tashin injin. Da ya ajiye ya tura masa saƙo da sauran abubuwan da ɗan koyo ba zai sani ba sai an gaya masa, yadda ake mayar da cok in inji ya ɗumama, yawan iskar da taya ke so gaba da baya, da kilomitar da juye na gaba zai kama.